Kafaɗar Indo Mai Turara

Duk mai sayen shinkafa a Kura ya san Indo mai turara. Tun tana amarya take turara shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a duro, ta kwashe, ta shanya, ta kai inji. Da wannan sana'ar ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta.

Bara, ana tsakiyar girbin rani, kafaɗarta ta dama ta riƙe. Da fari ɗaga bokiti ne ya gagare ta, daga baya har ɗaurin ɗankwali sai an taya ta. Ta sha sassaƙe, ta shafa man zafi. A asibiti aka ce ta huta, ita kuwa ba ta san yadda ake hutawa ba.

Wata rana babban ɗanta Taufiq, direban bas ɗin Kano, ya shigo da labari.

"Inna, akwai wani gidan gyaran jiki a birni, suna gashi da jan haske. Ba allura, ba magani. 'Yan ƙwallo ma can suke zuwa."

"Ni da na tsufa a bakin wuta, wane gashi ne ban sha ba?"

Duk da haka ta shirya ta bi shi.

Ma'aikaciyar wurin, wata mai fara'a da ake kira Saliha, ta zaunar da ita gaban wani allo mai ƙananan fitilu, ta rufe mata ido da baƙin tabarau. Ɗakin ya rine ja. Ɗumi ya riƙa ratsa kafaɗar a hankali, har Indo ta yi gyangyaɗi. Da ta fito ta ɗaga hannun ya kusa kai kunne. Taufiq ya yi ta hamdala.

Kafin su iso Kura ciwon ya dawo mazauninsa.

Haka ta yi ta zarya. Ranar nan ta kama hannun Saliha ta ce, "'Yar nan, don Allah ki gaya mini gaskiya. Zan sake ɗaga duro?"

Saliha ta sunkuyar da kai. "Mama, nan ba asibiti ba ne. Wasu suna jin sauƙi, wasu ba sa ji. Ban sani ba, wallahi."

Indo ta gyaɗa kai, ta yi mata godiya. A mota Taufiq ya soma lissafo wani wurin da aka ce injinsu ya fi ƙarfi. Ita kuwa gonakin bakin hanya take kallo, an cika su da ruwa ana dashe.

Yanzu surukarta, matar Taufiq, ce ke turarar. Indo na zaune a inuwar zaure, hannun a cinya. Daga ƙamshi take gane an bar shinkafar ta zarce a wuta. Wani lokacin ta yi magana, wani lokacin kafin ta yunƙura aikin gama ya gama.