Rantsuwar Malamin Daji

Shekara talatin da biyar Malam Ɗanmaliki ya yi yana aikin malamin daji, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ƙaya ta soke shi ba. Daga kan teburinsa a Tambuwal ya tsare dajin. Yana da taswira manne a bango, koriya shar, da ɗan shuɗin ɗigo a tsakiya inda aka rubuta Tafkin Marke, can ta hanyar Kebbe. Duk mai son saran itace ko ƙona gawayi ko faɗaɗa gona, nan yake iske shi, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya fita da takarda mai hatimi. Mutum ne mai kunya, bai iya cewa a'a ba.

Abu biyu ya fito da su daga aiki: ƙafafu marasa kaushi, da tanti. Tantin wata ƙungiyar dashen itatuwa ce ta raba musu a wani kwas da ya je Kaduna, inda aka nuna musu hotunan Turawa suna barin gidajensu masu lantarki su je bakin tafki cikin daji su kwana a ƙasa, wai don jin daɗi. Sauran 'yan kwas dariya suka yi. Shi kuwa ya ɗauki abin a matsayin ilimi. Tun daga lokacin, duk wanda ya zauna majalisar ƙofar gidansa bayan La'asar sai ya ji cewa matsalar mutanenmu ita ce rashin sanin hutu: ga daji, ga tafki, amma mutum ya kwana cikin ɗaki kamar buhun gero.

Shekara tara ana jin wannan karatu. Ranar wata Laraba sai Atu, dillalin albasa kuma abokinsa tun firamare, ya gaji.

"Ɗanmaliki, kai ko ka taɓa kwana daji? Ni na ji ko zahi ya yi zahi ba ka kwana tsakar gida, wai jemage na kallonka."

Aka yi dariya, har da limamin unguwa, Malam Abdulganiyyu, wanda bai cika yi ba. Dariyar liman ce ta yi wa Ɗanmaliki ciwo. Ya miƙe tsaye, ya ce wallahi tallahi sai ya yi kwana uku a bakin Tafkin Marke, shi kaɗai, kafin Juma'a ta sama. Liman ya daina dariya ya tuna masa cewa rantsuwa ce fa ya yi, ba hira ba. Ya ce ya sani.

Matarsa Hauwa'u ta haɗa masa fura da kilishi da gidan sauro. Sai da yana ƙofa, tanti a kafaɗa, ta tambaye shi ko a rage masa tuwon dare. Ya sa kai ya fita.

Ɗangiwa mai kabu-kabu ya ɗauke shi da hantsi. Suka bar kwalta, suka yi ta ratsa gonaki, karan gero hagu da dama, da kututture nan da can. Da tafiya ta yi nisa Ɗanmaliki ya tambaya yaushe za su shiga dajin.

"Ai Malam, tun ɗazu cikinai muke."

Tafkin dai yana nan, ko da yake ya ja da baya ya bar laka da sawun shanu. Itacen marke ne babu. Ɗangiwa ya ce na ƙarshen an sare shi shekara huɗu da suka wuce, amma kada Malam ya damu, ba sata aka yi ba, da takarda aka sare shi, shi da idonsa ya ga hatimin. Ya sauke kaya, ya yi alkawarin dawowa ranar Lahadi, ya tafi.

Awa guda Ɗanmaliki ya yi yana kokawa da tantin kafin ya tsaya, kore, da tambarin ƙungiya a goshinsa. Ya shiga ya fito nan da nan, don cikinsa ya fi tanderun burodi. Sai ya buɗe kujerarsa ta naɗewa a bakin ƙofa, ya ɗauko littafi da biro, don ya ga a hoton Kaduna wani Bature yana rubuta abin da zuciyarsa ta ji game da tsuntsaye.

Wata mata da ta zo ɗiban ruwa ta tsaya ta dube shi, ta ajiye bokiti ta koma gari da sauri.

A wannan yankin ba wanda ya taɓa ganin tanti mai tambari, da kujera, da mutum mai tabarau riƙe da littafi, sai idan za a rubuta sunaye: ko na taki, ko na shinkafa, ko na injin ban-ruwa. Kafin Azahar layi ya kai bakin laka, maza daban, mata daban, kowa da katin zaɓe a hannu. Mai unguwa ya iso yana haki, yana ba da haƙurin ba a sanar da shi ba, da an yi shara.

Ɗanmaliki ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce ya yi ritaya, ba abin da ya kawo, hutu ya zo yi. Mai unguwa ya dubi ranar, ya dubi lakar, ya dubi tantin, sannan ya matso ya rage murya.

"Mun gane, ranka shi daɗe. Abin ba shi da yawa. Ba mu hwaɗa ma kowa. Nau dai sunan shi hwara shiga."

Da labari ya bazu cewa abin ba shi da yawa, sai ƙauyuka biyu na gaba suka taso. Wasu masu gawayi suka gane shi, suka shaida wa jama'a cewa wannan mutumin kirki ne, bai taɓa mayar da kowa hannu wofi ba. Wata tsohuwa ta ɗora katinta a kan littafin ta ƙi ɗaukewa. Shi kuwa hannun da ya yi shekara talatin da biyar bai ƙi takarda ba, ba ranar zai koya ba. Ya fara rubutawa.

Yana zaton idan ya gama za su watse. Da ya gama sai suka aika a kawo tabarmi. An sha rubuta su a tafi, inji mai unguwa, saboda haka wannan karon nan za su kwana da shi har kaya su iso. Ɗanmaliki ya tuna ya rantse shi kaɗai zai kwana. Ya ƙirga kawunan da ke tsakaninsa da tafkin, ya ga rantsuwar ta riga ta karye ko ya zauna ko ya tafi. Sai ya ce musu zai koma Tambuwal ya bi sawun motar kayan. Suka yarda, amma suka riƙe tantin don ya dawo.

Motar gawayi ta rage masa hanya, a saman buhuna. Bai taɓa zama kusa da itatuwan dajinsa kamar ranar ba. Ana kiran Magariba ya shiga gida, baƙi ƙirin, ya iske tuwonsa a rufe.

Da safe ya je wurin liman a keɓe, ya ce zai yi kaffara da azumin kwana uku, tsakaninsa da Ubangijinsa, ba sai kowa ya ji ba. Malam Abdulganiyyu ya girgiza kai.

"Azumi na wanda bai iya ciyarwa ne. Kai rumbunka biyu, ni nika ganinsu daga masallaci. Miskinai goma za ka ciyar."

Hauwa'u ta yi shinkafa da miyar da ba ta taɓa yi wa baƙo ba, ta sa aka shimfiɗa a ƙofar gida. Atu ya ɗauki nauyin nemo miskinan, ya kuwa zaɓo goman da suka fi kowa baki a kasuwa, ya zauna na goma sha ɗaya. Kowa ya ci ya tambayi dalilin sadakar, aka kuma gaya masa.

Yanzu taswirar tana zaurensa, koriya kamar da. Ya bar maganar hutu, ya koma ta lalacewar tarbiyya. Jefi-jefi mai unguwar Tafkin Marke kan zo jin labarin taki, shi kuma Ɗanmaliki ya karɓe shi da fara'a, ya ce masa takardun na kan tebur, sa hannu kawai ake jira.