Ƙwan Zabo da Rigar Kawu

Akwai ranar da ko na tsufa har na daina gane jikokina, ba na jin za ta fita daga kaina. Ita ce ranar da na kai wa kawuna suka da wuƙar bindiga a ƙauyen su innata, kuma har yanzu da nake wannan rubutu yana nan da ransa yana cin tuwonsa. Amma sai na faro daga ƙwan zabo, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba.

Lokacin da na shiga soja ni ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, mai baki. Na baro gonar babana a wajen Urafane ina ganin na gama sanin duniya. A wurin horo muka haɗu da wani ajidan, babba cikin sojoji masu igiya, dattijo siriri mai furfura a gashin baki, wanda ke koya wa kurata aiki da bayonet, wato wuƙar nan da ake maƙalawa a bakin bindiga. Kamar kowane mai horo, yakan sa mu ruga da ihu mu soke buhun ƙaiƙayi. Sai dai in an gama wannan, yana da nasa salon da ban taɓa jin wani na yi ba. Damina ce, ƙwan zabo ya yi araha. Sai ya ƙulle ƙwai ɗaya a tsumma ya rataya a gaban buhun, ya shafa gawayi a tsinin wuƙarka, ya ce ka kai suka da dukkan ƙarfinka, amma ka tsaya daidai inda baƙin gawayin zai taɓa tsumman ba tare da ƙwan ya fashe ba. Wanda ya fasa, ya saɓa buhun ya zagaye fili da gudu.

Ni ne sarkin zagaye filin nan. Na fasa ƙwan da zai ishi mai shayi ciniki na wata guda. Ran nan haushi ya kama ni, na ƙame na ce, "Mon ajidan, yanzu fa da jirgi marar matuƙi ake yaƙi. Wa zai tsaya har ka iso shi da wuƙa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan lakwal, in ka saki harsashi, kana iya kiranshi ya dawo?"

Na ce a'a.

"To wannan tana dawowa. Ɗauki buhunka."

Na ɗauka ina gunaguni. A raina na ce tsufa ne kawai ke damun mutumin nan. Kafin mu gama horo dai hannuna ya iya, ko da yake kaina bai yarda ba.

Bayan shekara biyu aka tura mu sintiri tsakanin Tasawa da Mayahi, kuma Allah da ikonsa ajidan ɗin nan ne shugaban motarmu. Mu takwas ne. Kaka ce, an kai gero rumbu amma wake na gona. Wanda ya tashi a wajenmu ya san cewa makiyayi ba ya shigar da dabba gona sai hukuma ta sa ranar sakin gonaki an yi shela a kasuwa. A shekarar, ɓangaren Mayahi sun riga sakin nasu, namu na Tasawa kuwa saura mako guda. Wani dattijon Buzu ya ji shela a kasuwar El Allassane Maïreyrey, ya kora raƙumansa ya yi ta tafiya, bai san ya tsallaka iyaka ba, don rairayi ba shi da alama. Raƙuma suka afka gonakin wake, kafin hantsi sun share gumin mutane na shekara.

Da aka kira mu ta waya aka faɗi sunan ƙauyen, sai na ji ƙauyen su innata ne. Ban gaya wa kowa ba.

Muka iso rana ta take. Mutane sun biyo Buzun da gudu, shi kuma ya faɗa cikin 'yar majami'ar ƙauyen, ginin laka mai rufin kwano, fasto ya rufe ƙofa ya tsaya a bakinta da hannuwa a buɗe. Gabansa maza sun fi ɗari, Kirista da Musulmi duk an haɗu, masu gatari, masu sanda, masu kwari da baka. Ihu kawai kake ji: a fito da shi! Faston yana roƙo, muryarsa ta dushe, ba mai sauraronsa. In ƙofar nan ta buɗe, dattijon nan ba zai kai azahar ba.

Muka diro muka ja layi tsakaninsu da ƙofar. Wani dutse ya daki hular kwanona har kunnena ya yi ƙara. Ba zan yi ƙarya ba, tsoro ya shige ni, kuma tsoron ya koma fushi. Ban san sanda yatsana ya hau kunamar bindiga ba. Na manta da wake, na manta da dangi, fuskokin duk sun zama ɗaya a idona.

Sai na ji muryar ajidan, ba da ƙarfi ba, kamar mai neman a miƙo masa ruwa. Ya ce kowa ya zare gidan harsashinsa, ya fitar da na ciki, ya sa a aljihu. Na waiga na dube shi. Mu takwas, su ɗari, a ce mu kwashe harsashi? Ya maimaita, muka yi. Sannan ya ɗaga murya sau ɗaya tak: "Bayonet o kano!" Wato a maƙala wuƙa a bakin bindiga.

Wuƙa takwas suka shiga mazauninsu da ƙara ɗaya, ƙaras. Rana ta haske su. Ya shigo tsakiyarmu ya ce a tafi taku ɗaya ɗaya, ba gudu, ba magana.

Abin da na gani daga nan, har gobe yana nan a idona. Ihun ya fara mutuwa daga gaba yana komawa baya. Mutanen da ɗazu suke buga ƙirji suna cewa mu harba, sun ɗaura layar bindiga, sai ga su suna kallon tsinin ƙarfe suna ja da baya. Mu taka ɗaya, su ja ɗaya. Ba abin da kake ji sai takalmanmu cikin rairayi. Daga baya ajidan ya ce mini harsashi ba wanda ya taɓa ganinsa a hanya, shi ya sa ake yi masa gardama, amma kowane manomi ya taɓa yanka rago.

Mun kusa fitar da su daga filin sai wani ya ɓallo daga gefe, malafa ta rufe masa fuska, gatari a sama, ya nufo ni kai tsaye. Ban yi tunanin komai ba. Ƙafata ta hagu ta shiga gaba, hannuwana suka tafi da dukkan ƙarfina, daidai ƙirjinsa.

Suka tsaya.

Ni dai ban tsayar da su ba, na rantse. Su suka tsaya da kansu, inda aka koya musu. Mutumin ya ƙame, gatarin ya suɓuce, malafar ta zame ta faɗi baya. Sai ga kawuna, yayan innata, wanda ya goya ni a wuya zuwa kasuwar Urafane ina ƙarami. Gonarsa ce raƙuman suka fi ci. Tsinin wuƙata yana cikin rigarsa, ina jin bugun zuciyarsa yana biyo ƙarfen har tafin hannuna.

Na ce, "Kawu, ni ne."

Ya ƙura mini ido ta ƙarƙashin hular kwanona. "Kai ne, ɗan nan? Mi ya kawo ka?"

"Aiki, Kawu. Don Allah ka koma."

"Waken ɗiyana hwa duk ya tahi," in ji shi, sai hawaye. "Mi za su ci?"

Na janye wuƙar a hankali. Ya dubi rigarsa, ya sa yatsa a 'yar hudar, ya ciro ya duba. Ba jini. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe kai. Da mutane suka ga ya zauna, shi da aka fi yi wa ɓarna, sai sanduna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Aka fito da dattijon Buzun, rawaninsa ya warware. Muka kai shi gaban mai gari, aka zauna a inuwa aka yi maganar ɓarnar yadda aka saba yi tun kakanni. Ni ban ji rabin abin da aka ce ba. Ina zaune bayan mota, ina ta tunanin inda yatsana yake minti kaɗan kafin nan. Da harsashin na ciki, da yanzu da wane baki zan shiga ɗakin innata?

Ajidan ya zagayo ya same ni. Na yunƙura zan ƙame masa, ya ce in zauna. Ya ɗauki bindigata ya duba tsinin wuƙar, ya cire wani ɗan zare da ya maƙale, ya miƙo mini.

"Ɗan lakwal," ya ce, "yau ba ka zagaye fili."

Kuka na yi, ƙato da ni, cikin kaki.

Kawu bai yarda an ɗinke rigar ba. Tana nan cikin akwatinsa, in na je gaishe shi yakan ciro ta ya nuna wa baƙi hudar, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, ya ce nan ɗan ƙanwarsa ya tsaya. Yanzu ni ma ina horar da kurata, kuma duk damina sai na sayi ƙwan zabo. Kullum akwai mai baki irina da zai tambaye ni amfanin wuƙa a zamanin nan. Ba na jayayya da shi, don na san ba da ita ake cin yaƙin yau ba. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kai suka kowa na iya koya cikin mako guda, amma wanda bai iya tsayar da hannunsa ba bai kamata a ba shi makami ba, don bai san fuskar wa ke ƙarƙashin malafa ba. Sai in ce da mai bakin ya ɗauki buhunsa.