Caja Ta Iso, Mota Ta Tafi Gwiwa

Da ihuna na shigo gida, ina ɗaga sabuwar cajar da direba ya kawo min Kazaure daga Kano: "Kajin Inna, yau kun shiga uku!"

Da motar rimot ɗina nake kora su. Tsohuwar caja sai ta wuni a shagon caji batir bai cika ba. Wannan kuwa kafin ka gama shan shayi ta cika shi.

Na leƙa ƙarƙashin gado, babu mota.

"Inna, ina motata?"

"Gwaggonka ta Gwiwa ta zo. Jikarta ta ƙanƙame motar tana kuka, na ce su tafi da ita."

"Haba Inna! Ba ta tafiya sai da batir, ga shi a aljihuna!"

"Zare suka ɗaura mata. Gemai-gemai da kai, ka bi baƙuwa ka ƙwato kyauta? Ba dai a gidan nan ba."

Ga caja, ga batir, ga rimot, motata tana can ana jan ta a turɓaya kamar akuya.

Wallahi abin ya tsaya min a wuya. Ku ma an taɓa yin kara da kayanku ba a tambaye ku ba?