Usur a Wuyan Maigidana

Tun ranar da maigidana ya fara tuƙa keke Napep a Jimeta hankalina bai kwanta ba. Yaran nan nake tsoro, masu shiga keke kamar fasinja, wuƙa a hannun riga, su fizge wayar mace su dira. Kowa ya san suna da manya a bayansu, masu sayen wayoyin da masu ɓoye su.

Da abin ya ishi unguwarmu, Jauro mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa. 'Yan sanda suka zo, 'yan banga suka zo, liman da fasto a benci ɗaya. Aka raba wa kowane gida usur. Wanda ya ga yaran ya busa, wanda ya ji ya busa nasa ya fito, 'yan banga su tare bakin lungu kafin 'yan sanda su iso. Da farko abin ya yi kyau, an kama wasu. Maigidana ne ma ya nuna gidan da suke kai wayoyin.

To amma usur a gidan da ke da yara! Suka mai da shi na alƙalin ƙwallo. A fito da gora, a tarar wasa ne. A hankali mutane suka daina fitowa, sai ni.

Maƙwabciyata, malamar firamare 'yar Numan, takan ce, "Maman Bebi, ke ko kaza ta yi tari sai kin fito ba ɗankwali!"

Maigidana ya ce, "Ƙyale ta, Malama, ita ce sajan gidan nan."

Ran nan bayan la'asar ina tuƙa tuwo na ji usur. Gajere-gajere yake fita, kamar mai busawa ba shi da numfashi. Na ruga da goyo a baya. Maza na zaune gindin darbejiya suna dara, ɗaya ya ce, "Yara ne, koma ciki."

A lungun bayan injin niƙa na ga keken maigidana a karkace, yaran nan masu wuƙa suna gudu. Shi yana ƙasa, usur a bakinsa, sun sare shi a hannun dama. Na cire usur ɗin na busa. Malama ta amsa da nata, sannan unguwa duka ta ɗauka. 'Yan banga sun kama ɗaya a bakin titi, suka miƙa shi ga 'yan sanda.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma yatsun ba sa rufuwa. Ba ya riƙe kan keke, 'yarsa ma sai na ɗora masa ita a cinya. Masu darar suna zuwa gaishe shi, ido a ƙasa. Bai taɓa tambayar su ko sun ji ba.

Don Allah, in kun ji usur a unguwarku, ku fito. Ko da yara ne, ku fito ku gani.