Littafin da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Firij

In ka hau matakala ashirin da biyu ka karya hagu, tebur na farko kusa da taga na Baba Ɗari Huɗu ne. Shekararsa shida da wata huɗu a kansa. Kamfanin nasu taswira yake yi wa masu haɗa manhajar waya: in kana son manhajarka ta nuna wa direba hanya, sai ka ɗauki tasu ka dasa a ciki. Bayanin yadda ake dasawar yana intanet, shafi ɗari shida da goma sha biyu. A cikin shafukan akwai mahaɗai dubu uku da ɗari takwas, wato shuɗayen kalmomin nan da ake latsawa su kai mutum wani shafi. In mahaɗi ya mutu, kana latsawa allo zai yi fari fat, ya nuna maka 404, ya bar ka tsaye. Aikin Baba shi ne kada wani mahaluki ya ga wannan lamba. Shi ya sa 'yan ofis suka laƙaba masa ita, suka yanke mata wutsiya don sauƙin kira.

Kafin nan shekara goma sha ɗaya ya yi a wata maɗaba'a yana duba kurakurai kafin a buga, har idonsa ya zama ba ya iya wuce layin da ya karkace. Ƙarfe takwas saura ashirin yake shigowa. Kafin injiniyoyi su iso da kofunansu ya latsa mahaɗi ɗari biyu. Daga nan sai ya koma kan fasali: jadawalin da layinsa ɗaya ya zame ya hau kan maƙwabcinsa, jerin matakan da aka lissafa ɗaya, ɗaya, ɗaya, da akwatin misalin da aka buɗe aka manta ba a rufe ba, har rabin shafi ya koma launin toka.

Injiniyoyin su goma sha huɗu ne, mutanen kirki, amma suna da ciwo guda: ba sa iya fitowa daga taro ba su sake wa wani shafi suna ba. Shafi kuwa in ya sake suna, duk mahaɗin da ke zuwa wurinsa ya mutu nan take. Sai Baba ya ɗauki littafinsa mai baƙin bango ya bi su tebur tebur.

"Ɗana, ina ka kai shafin saka alama a taswira?"

"Kai, Baba, na ɗan gyara masa suna ne kawai."

"Ka ɗan gyara, ka kashe min mutum talatin da ɗaya. Faɗa min sabon sunan."

Ya rubuta tsohon suna, sabon suna, rana, da wanda ya yi aika-aikar. A shekara shida ya cika littafi shida, yana cikin na bakwai. Duk wanda ya cika sai ya kai shi gida.

A gidan ne ma ba a gane aikin ba. Matarsa tela ce, kuma ta gaji da bayani, don haka duk wanda ya tambaya sai ta ce yana aikin waya. A wata guda aka kawo masa waya tara masu fasasshen gilashi, surukarsa kuma ta aiko da rediyo.

"Maman yara, sau nawa zan gaya miki ni ba na gyaran waya?"

"To me kake gyarawa?"

"Hanyar da ke cikin bayanin da masu haɗa abin da ke cikin waya suke karantawa."

"Ka ji ko? Ni zan tsaya a bakin ƙofa ina faɗin wannan duka, ga ɗinkin mutane yana jirana? Ka duba wa Inna rediyonta kawai."

Ya duba. Batir ne aka saka a juye.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, wanda ya dawo daga kwas na kwana biyar da kalmomi masu nauyi. Abin da ya fara yi shi ne saka hotonsa a shafin farko na bayanin, yana murmushi, hannu a ƙirji, a ƙasa an rubuta barka da zuwa. Abu na biyu, ya tambaya a taro me wancan dattijon na bakin taga yake yi.

"Mahaɗai yake gyarawa, yallaɓai," in ji babban injiniya.

"Nawa ne suka mutu yanzu?"

"Babu ko ɗaya."

"To kun gani! Mutum yana zaune yana gyaran abin da bai lalace ba."

Mako biyu bayan haka manaja ya kafa wata manhaja mai sintiri, ya raba wa kowa littafin tallarta mai sheƙi, shafi arba'in da takwas. Dabararta guda ce: in ta ga mahaɗi ya mutu, sai ta juya shi zuwa shafin farko. Ba farin allo, ba 404. Aka rataya babban allo a bango, yana nuna adadin mahaɗan da suka mutu: ƙaton sifili kore. Baba kuma aka miƙa masa takarda mai layi biyar: daga Litinin ya koma sito ya riƙa lura da kujeru da igiyoyin caji, ƙarshen wata za a duba ko ana bukatar gurbinsa. Kowa a ofis ya san ma'anar sito. Mutum biyu aka tura can kafin shi, babu wanda ya ga wata na biyu.

"Yallaɓai," Baba ya ce, "mutumin da ke neman ɗakin girki, in an mayar da shi bakin ƙofa, ai ba a kai shi ba."

"Amma bai faɗi rami ba, ko? Dubi allo, Baba. Kore ne ko ba kore ba?"

Kore ne. Ya kwashe kofinsa da littafinsa ya sauka matakala ashirin da biyu. Kujeru hamsin da uku ya samu a sito, huɗu ba ƙafa. Ya gama ƙirga su a rabin sa'a, ya zauna yana kallon bango. Bai gaya wa matarsa ba sai rana ta uku, da ta ga takardar a aljihun rigar da za ta wanke. Ta karanta, ta ajiye ta a kan keken ɗinki.

A wannan makon ne injiniyoyi suka fitar da sabon zubi, suka sake wa shafi ɗari biyu da bakwai suna a zama ɗaya, ba mai bin su da littafi. Allo bai ko ƙifta ba.

Ran Alhamis aka yi baƙi daga wani kamfanin motocin haya, mutum uku, jagorarsu wata injiniya mai tabarau wadda ba ta da yawan dariya. Kujerun ɗakin taro ba su isa ba, aka ce Baba ya hawo da biyu. Yana ajiye ta biyun ya ji tana cewa direbobinsu ɗari tara ne, fiye da rabinsu tsofaffin wayoyi suke riƙewa, tana son ganin shafin da ya bayyana yadda taswirar ke aiki a irin waɗannan.

"Abu mai sauƙi, Hajiya," in ji manaja. Ya haska bayanin a bango, ya latsa inda aka rubuta tsofaffin wayoyi.

Hotonsa ya bayyana, yana murmushi, hannu a ƙirji.

Ya yi 'yar dariya, ya bi ta wata hanya, ya latsa. Hotonsa. Ya shiga ta jerin tambayoyi. Hotonsa. Baba, daga bakin ƙofa, yana ƙirgawa a zuci ba da niyya ba. Sau bakwai manaja ya yi wa kansa barka da zuwa.

"Hoton ya yi kyau," in ji mai tabarau. "Shafin fa?"

Manaja ya juya wurin babban injiniya. Shi kuma ya ce shafin yana nan, ba a goge shi ba, sai dai wanda ya rubuta shi ya bar aiki shekara huɗu da suka wuce, kuma sunan da ya sa masa wasu haruffa ne da lambobi da ba mai riƙe su a ka. Mahaɗin da ya san hanyar kuwa ya karye a sabon zubin, manhajar sintiri ta shafe shi ta rubuta shafin farko a gurbinsa. Mai tabarau ta fara rufe jakarta.

"Yana littafi na uku," in ji Baba.

Duka suka waiwayo. Ya ciro wayarsa ya kira gida, kuma cikin sauri ya latsa lasifika bai sani ba.

"Maman yara, littafina na uku, mai baƙin bango. Yi sauri."

"Wanne? Na ƙarƙashin firij?"

"Ƙarƙashin me?"

"Ai shekara biyu ke nan shi ke tallafe da ƙafar firij. Kai ma da kanka ka ce ya daina girgiza, har ka yaba."

Wani injiniya ya sunkuyar da kai yana tari.

"Ciro shi, don Allah. Buɗe wajen tsakiya, inda na ja layi da jan biro."

"In na ciro wa zai riƙe min firij? Ko manajan naka mai sito zai zo ya riƙe?"

Manaja ya dubi silin. Aka ji ƙarar kwalabe, aka ji ta kira maƙwabciya ta tallafa mata, sannan hoton littafin ya shigo wayarsa. Bangon littafin ya lotsa, ruwa ya taɓa gefensa, amma rubutun yana nan raɗau. Baba ya zauna a kujerar da ya hawo da ita, ya buga sunan. Shafin ya buɗe. Jadawali ɗaya a ciki ya zame, ya ce a ba shi minti biyu, ya miƙe shi a gabansu.

Mai tabarau ta karanta har ƙasa, ta buɗe jakarta. "In mun maƙale, wa za mu kira?"

"Baba mana," manaja ya yi caraf. "Ai tsarinmu hawa biyu ne, na'ura a sama, ƙwararre a ƙasa. Ni na tsara shi haka."

Washegari aka kashe dabarar juyawa, allon bango ya koma ja: ɗari shida da tamanin da tara. Manaja ya tsaya ya dube shi, ya ce hasken yana damun idon ma'aikata, aka zare shi daga wuta. Baba ya koma bakin taga da littattafansa bakwai a jere, ya raba aikin kwana tara, saba'in da bakwai kullum, rana ta ƙarshe saba'in da uku. Maganar ƙarshen wata ba wanda ya sake tayar da ita, shi ma bai tambaya ba.

Da yamma ya tarar da firij a jingine da bango, ya karkace kamar mai ciwon ƙugu.

"Ka kwashe littattafanka, to me zan saka?" in ji matarsa.

Ya ciro littafin talla mai sheƙi daga jakarsa, ya tura ƙarƙashin ƙafar. Saura kaɗan. Ta miƙo masa takardar sito daga kan keken ɗinki, ya ninka ta huɗu ya cusa. Ya girgiza firij da hannu biyu, bai motsa ba.

"Ashe dai kana gyara," ta ce. "Inna ta ce fankarta ma tana ƙara."