Matar da Take Gwada Gadajen Asibiti da Bayanta

Kowace Litinin, kafin a buɗe tagar yankar kati, takan tuɓe takalmanta ta bi ɗakunan asibitinmu tana kwanciya a kan duk gadon da ba kowa. Ta juya dama, ta juya hagu, ta tashi ta rubuta wani abu a ɗan littafinta. Ni da nake ɗinkin rigunan katifa a baranda, ranar da na fara gani na ɗauka taɓuwa ce. Ashe ita kaɗai ce mai hankali a gidan. Mai Kati muke ce mata, don ita ce ke yankar kati.

Ga dalili. An aiko wa asibitoci wani tsari a kwamfuta: ka zuba yawan mutanen gari, da gadaje, da ma'aikata, ya faɗa maka idan annobar mura ta shigo mutum nawa za su kwanta, da ranar da wuri zai ƙare. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin ya burge ni, wai na'ura ce ke mafarkin gobe. Sai dai da abin da ka ba ta take mafarkin. Shugaban asibiti ya ce a rubuta gado sittin, tunda haka yake a takarda. Mai Kati ta rubuta talatin da huɗu.

Ina tsaye da katifa a ka shugaban ya tare ta.

"Sauran ashirin da shidan fa, cinye su kika yi?"

"Ranka ya daɗe, tara a kan bulo suke, shida kaji na ƙwai a kansu bayan kicin, sauran ban taɓa sa su a ido ba. Zo ka kwanta a ɗaya, ni zan riƙe maka hula."

Ta kuma cire nas huɗu daga lissafin, ta ce su ma hanci gare su, mura ba ta jin kunyar farin kaya. Na'ura ta ce a kwana na takwas da shigowar annobar wuri zai ƙare. Ladanta? Aka ce tana zubar wa asibiti mutunci, aka hana ta taɓa kwamfutar.

Ba ta fasa ba. Ta lallaɓi ƙaninta mai walda, a ranakun hutu suka tayar da gado goma sha biyu. Da murar ta zo, a kan ɗaya daga cikinsu matata ta kwana shida tana jan numfashi kamar zugazugi, har ta miƙe. Takardar yabo kuwa ga ta can rataye a ofishin shugaba, da sunansa a jiki. In na zo wucewa, kawar da kai nake yi.

'Yar'uwa, ke ce kika yarda a kira ki taɓaɓɓiya don kada uwar wani ta kwanta a siminti. Ke ce mai rubuta abin da ido ya gani. Na gode, matata ta gode, Allah ya saka miki.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Jiya na leƙa sabon fom a teburin wanda zai gaje ta, na ga an rubuta saba'in. Jama'a, mu yi koyi da ita. Duk wanda ya zo dubiya ya ƙirga gadajen da yatsa, ya shiga ofis ya faɗi abin da ya samu. Ni na ƙirga da safen nan. Arba'in da shida ne.