Baitin Tiya Biyu

Gwaggona, yayar babana, ba ta iya rubutu ba, ko na boko ko na ajami, amma tana tsara waƙa. A bakin turmi take yin ta. In ta ɗaga taɓarya ta fara baiti, in ta sauke ta ƙarasa, kuma in baitin bai zauna ba, dakan ma sai ya karkace. Aikinta sheƙar hatsi ne ranar kasuwa, a rumfar wani Alhaji, babban mai sayen gero a Matameye. Tun hantsi har la'asar tana tsaye da ƙwarya, ƙaiƙayi na shiga mata ido da wuyan riga.

Masallaci biyu ne a layinmu, na sama da na ƙasa, kowanne da makarantar islamiyyarsa. A na sama ana kama hannu a ƙirji in ana salla, a na ƙasa ana saki. Babana na zuwa wannan, ƙanensa na zuwa wancan. Malaman biyu in sun haɗu a hanya, kowa sai ya sami abin dubawa a wayarsa. A shekarar da na shiga kolaj sai aka ce makarantun biyu za su yi walimar saukar Alƙur'ani tare. Alhajin nan ne ya haɗa su. Ya ce zai kawo rumfa da kujeru da lasifika, amma shi ba zai yi hidima sau biyu ba.

Malamarmu ta 'yan mata a islamiyya ta ce ana son waƙar haɗin kai da za mu rera a wurin. Na faɗa a gida, Gwaggo tana ji. Washegari na dawo daga lekwal, makarantar boko, ko jaka ban aje ba ta kira ni.

"Sakatare, ɗauko kaye da bik." Littafin rubutu da alƙalami take nufi.

"Gwaggo, a hankali mana, hannuna ba inji ba ne."

"Shekara bakwai kina zarya lekwal, tsohuwa da taɓarya ta fi ki sauri? Rubuta."

Mako uku muka yi. Amshin shi ne:

Alƙibla ɗaya ce, ya 'yan'uwa,
Rana ɗaya ce take faɗuwa.

Akwai baitin da na fi so:

Mai kama hannu, mai sakin hannuwa,
In an yi sujada ba rarrabuwa.

Shi kuwa baiti na bakwai, da ta zo kansa sai ta tsaida daka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta faɗe shi kalma kalma:

Mai tiya biyu, ina tambayawa,
Babba ta saye, ƙarama ta sayarwa,
Da wace za a auna maka ran tsayuwa?

Na san tiyoyin. Ni ke kai mata abinci kasuwa. Kwanonin awo ne biyu, fentinsu ɗaya, kore. Ɗaya an bubbuga gindinta ta yi zurfi, da ita ake karɓar geron matan ƙauyukan Tsauni da Ɗan Barto da kaka. Ɗayar an bubbuga gindin ya shige ciki, ita ake fito da ita da damina in rumbu ya ƙare. Wadda ba a aiki da ita tana zama a ƙarƙashin buhu na biyu daga ƙofa.

"Gwaggo, ba ki tsoro?"

"Na ambaci sunan wani? Wanda ya ji da shi ake, ya gyara kwanonsa. Ni dai ina so a faɗe shi sau ɗaya a lasifika, ina zaune."

Ni aka zaɓa in ba da baiti, sauran 'yan mata su yi amshi. Ban so ba. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma Malama ta ce ni kaɗai na haddace ta duka, kuma muryata na fita in na rufe ido.

Saura kwana shida aka ce malaman biyu za su saurari waƙar tukuna. Ranar na fara ganin su a kan tabarma ɗaya, kowa ya zauna a bakin gefensa. Sun daɗe suna musu a kan mandiri, wannan ya ce babu laifi a buga, wancan ya ce shi ɗalibansa ba za su tsaya inda ake kiɗa ba. Aka tsaya a kan babu mandiri, babu tafi. Sannan na fara. Suna ta gyaɗa kai har na kai baiti na bakwai. Sai suka dubi juna.

Malamin sama ya ce, "Wannan ba wurinsa ba ne."

Malamin ƙasa ya ce, "Ka yi gaskiya, Malam."

Tunda nake ban taɓa jin ɗaya ya gaskata ɗaya ba sai ranar. Malama ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah gafarta malamai, ai zancen awo yana cikin Littafi."

"Yana ciki, Malama. Amma Alhaji layin gaba zai zauna."

Na sama ya zaro jan bik daga aljihu, ya miƙa wa na ƙasa, shi kuma ya ja layi a cikin kayena. Ya danna da ƙarfi har ya fito a bayan shafin.

Ban gaya wa Gwaggo ba. Kullum sai in ce gobe. Ita kuwa ta wanke atamfarta mai ruwan ƙasa, ta ninke ta sa a ƙarƙashin katifa don ta miƙe. Na ji tana ce wa abokan aikinta masu sheƙa, "Ku zo ku ji bakinku a bakin 'yata." Da safen walimar, ina ɗaura hijabi, na yanke shawara zan rera baitin. In an kore ni daga makarantar, a kore ni.

Da hantsi aka fara. Maza suna kan kujeru a inuwar rumfa, mata a tabarmi can baya, inda inuwar ta ƙare. Na hango Gwaggo a tsakiyar matan sheƙa su biyar. Aka miƙo mini mikoro, abin maganar lasifika, an naɗe wayarsa da baƙin roba, yana ƙamshin turaren wanda ya riga ni riƙewa. Na rufe ido na fara.

Da na kai baitin kama hannu da saki, sai kabbara ta tashi ta ko'ina. Na buɗe ido na ga malaman biyu sun miƙe sun yi musabaha, mutane sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Babana da ƙanensa suna dariya tare. Wallahi a lokacin na ji daɗi. Muka wuce baiti na biyar, muka wuce na shida.

Ana cikin amshi sai Alhaji ya taso, babbar rigarsa na kwaramniya saboda guga. Ya zo har gabana ya liƙa mini takardar kuɗi a goshi, gumi ya riƙe ta. Bai koma ba, ya tsaya nan yana murmushi, yana cewa, "Madalla da 'yar albarka." Ina ganin zoben hannunsa, ina jin numfashinsa. Amshi ya ƙare, kowa yana jirana.

Na tsallake. Na tafi baitin rufewa, na addu'a.

Ƙananan 'yan amshi da ke layin gaba, da bakinsu ya saba, biyu ko uku suka fara, "Mai tiya..." Malama ta harare su, suka haɗiye. Can baya na ga leɓen Gwaggo yana motsi. Ita kaɗai ta ƙarasa baitin, ba wanda ya ji. Bayan nan mai gabatarwa ya karɓi mikoro ya ce malaman makarantun biyu ne suka tsara waƙar tare, Allah ya saka musu da alheri. Aka ce amin.

Da na koma gida na tarar ta canza atamfar, tana zuba gero a turmi.

"Mantawa kika yi?"

"A'a, Gwaggo."

"Kawo in gani."

Na buɗe mata shafin. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya, amma ta bi jan layin da yatsa daga farko har ƙarshe, ta juya shafin ta shafa bayansa.

"Wane ne ya ja, na sama ko na ƙasa?"

"Na sama ya ba da bik, na ƙasa ya ja."

"To madalla. Sun haɗu ke nan." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Ke kuma fa, wa ya riƙe miki baki?"

Ta miƙo mini kayen, ta ɗauki taɓarya.

Waƙar ta yi farin jini. Tana cikin wayoyin mutane, direbobin motar Damagaram na sa ta a tasha, kuma muryata ce. In na kai abinci kasuwa wani lokaci ina jin ta a rumfar Alhaji ma, yana ce wa Gwaggo, "Kin ji 'yarki, Allah ya yi mata baiwa." Ita kuma ta ce amin, ta ci gaba da sheƙa. Koriyar tiyar tana nan a ƙarƙashin buhu na biyu daga ƙofa.

A gida yanzu sautin taɓarya kawai ake ji. Sau ɗaya na ɗauko kayen na zauna kusa da turmi na ce, "Gwaggo, ko akwai sabuwa?" Ba ta ɗago ba, ta ce in je in yi karatuna. Tun ranar walimar ba ta sake kira na sakatare ba.